Filin Kiwon Lafiya: takardar awo da ke raba aure a kan ƙwayar ureyafilasma

Akwai wata kalma da ake yawan cin karo da ita a kan takardun sakamakon awo da ɗakunan bincike na Yamai da sauran manyan biranen ƙasa ke miƙa wa jama'a, musamman matan aure da suka je neman maganin sanyi ko na jinkirin haihuwa. Kalmar ita ce *Ureaplasma urealyticum*, a gabanta kuma an rubuta «positif», wani lokaci har da jan layi a ƙarƙashi. Wanda ya yi lakwal yana karanta faransancin sarai, amma bai san abin da ake nufi ba. Wanda bai yi ba kuwa sai ya kai takardar wajen maƙwabci ko ɗan uwa ma'aikaci ya karanta masa, shi ke nan sirrin ɗaki ya fito zaure. Abin da ke biyo baya sananne ne: ordonansi mai tsawo, jikkuna da dama a farmasi, sati biyu ana haɗiyar ƙwayoyi, a koma awo bayan wata guda, kalmar kuma tana nan daram. Kafin a kai ga haka zargi ya riga ya shiga gida. Maigida ya ce daga ina ta kwaso, uwargida ta ce tun da amarya ta tare ba ta ƙara jin daidai ba, amarya kuma ta ce ai Alhaji ne ba ya sati biyu bai tafi Kwatano ko Lome ba.

Ya kamata a san ko mece ce wannan ƙwaya kafin a yanke wa kowa hukunci da sunanta.

Ureyafilasma tana cikin mafiya ƙanƙantar halittu masu rai da ke iya hayayyafa da kansu. Sai an jera dubu uku ko huɗu kafin su kai tsawon milimeta ɗaya. A shekara ta 1954 ne wani masanin ƙwayoyin cuta na Amurka mai suna Maurice Shepard ya fara gano ta a jikin maza masu fama da zafin fitsari waɗanda aka auna ba a samu ƙwayar gonokok tare da su ba, wato ƙwayar ciwon sanyi mai mugunya da ƴan bariki ke kira «chaude-pisse». Sunan da take da shi yanzu an raɗa mata shi ne a 1974, kuma ɗan kasuwar da ke sayar da takin zamani ya riga ya san rabin sunan: ure, farin takin nan da manoman albasa da shinkafa ke nema ido rufe. Wannan sinadari yana cikin fitsarin kowane ɗan Adam, shi ne kuma abincin ƙwayar. Tana farfasa shi ta samu ƙarfi, ta bar amoniyak, mai zarnin nan da ake ji a bayan gida. A 2002 masana suka raba ta gida biyu, *Ureaplasma parvum* da *Ureaplasma urealyticum*. Ta farko ta fi yawa a jikin mata nesa ba kusa ba, ta biyu kuma ita aka fi tuhuma da zafin fitsarin maza. Sai dai awon da aka saba yi a ƙasashe renon Faransa, wanda ake zuba ruwan da aka shafo daga gaba cikin wani ɗan tire mai ramuka a jira launinsa ya juya daga rawaya zuwa ja cikin kwana ɗaya ko biyu, ba ya bambance su. Saboda haka sau da yawa sunan da aka buga a takarda ma ba na ƙwayar da ke jikin matar ba ne.

Babban abin da ba a faɗa wa mai riƙe da takarda shi ne wannan: cikin matan da suka san namiji kuma suke da ƙoshin lafiya, ba ƙaiƙayi, ba ruwa, ba ciwon mara, kashi 40 zuwa 80 bisa 100 suna ɗauke da ureyafilasma a gabansu. A maza adadin bai kai haka ba, amma shi ma ba kaɗan ba ne. Ke nan da za a tara matan da suka zo bikin suna a wata unguwa ta Maraɗi ko Tawa a auna su kaf, rabinsu ko fiye da «positif» za su koma gida, har da masu ƴaƴa takwas da ba su taɓa ɓari ba. Ƙwayar ƴar gida ce, kamar sauran dubban ƙwayoyin da ke zaune a baki, a hanji da kan fata ba tare da sun dami kowa ba.

Gaskiya ne ta hanyar saduwa aka fi ɗaukarta, kuma bincike ya nuna yawanta yana ƙaruwa da yawan abokan kwanciya. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma miji ɗaya tak ya isa ya ba mace ita, mace ɗaya tak ta isa ta ba namiji. Jariri yakan ɗauke ta daga mahaifiyarsa lokacin haihuwa, ko da yake yawanci tana ɓacewa yayin da yake girma. Tana kuma iya zama a jiki watanni ko shekaru shiru, ta ragu har awo ya kasa ganinta, ta sake yawaita. A gidan da ke da mata biyu ko uku, ko inda ɗaya daga cikin ma'aurata ya taɓa yin wani auren a baya, ba wani ɗakin bincike a duniya da zai iya cewa wane ne ya fara kawo ta, ko a wace shekara. Duk wanda ya saki matarsa bisa wannan takarda ya yi saki ne a kan abin da takardar ba ta faɗa ba. Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, da ta ƙiyasta cewa a 2020 an samu sabbin kamuwa miliyan 374 na cututtukan saduwa huɗu masu warkewa, ta lissafa kilamidiya, gonokok, tunjere da tirikomonas. Ureyafilasma ba ta cikin lissafin.

To, ashe ba ta cutarwa ke nan? Tana yi, a wurare sanannu.

Na farko shi ne bututun fitsarin namiji. An daɗe ana gardama a kan haka, har a 1977 wasu likitoci biyu na Ingila, ɗayansu David Taylor-Robinson, suka ɗura ƙwayar cikin hanyar fitsarinsu da hannunsu don su raba gardama. Duka biyun suka kamu da zafin fitsari da alamun kumburi, sai da suka sha magani. Irin wannan sadaukarwa ba kowane ma'aikaci ne zai yi wa aikinsa ba. Abin da masana suka tsaya a kai yau shi ne cewa *urealyticum* tana iya jawo zafin fitsari da fitar ɗan ruwa mai tsinkewa, ba mai kauri irin na gonokok ba, idan ta yi yawa ƙwarai a jiki, galibi a farkon haɗuwar jiki da ita. Amma kasonta cikin masu wannan ciwo ƙarami ne idan aka gwada da kilamidiya ko wata ƴar uwarta mai suna *Mycoplasma genitalium*, wadda ita cuta ce ta gaske, kuma awon tiren nan mai canja launi ba ya ganinta sam.

Na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne ciki. A wasu mata ƙwayar takan haura daga farji ta wuce bakin mahaifa ta shiga fatar da ke lulluɓe da ɗan tayi da ruwan da yake kwance a ciki. Idan aka auna mabiyiya ko ruwan mahaifa na matan da suka haifi bakwaini, musamman waɗanda suka haihu kafin wata bakwai, ureyafilasma ce ƙwayar da aka fi samu. Ana danganta ta da fashewar faya kafin lokaci, da naƙudar da ta zo da wuri, da zazzaɓin bayan haihuwa. Bakwainin da ya shaƙe ta cikin huhunsa da bai ƙosa ba yana iya samun ciwon huhu mai daɗewa, wani lokaci ma ta shiga jininsa ko ruwan ƙwaƙwalwarsa. Ma'aikatan ɗakunan jarirai irin na Matanite Issaka Gazoby a Yamai, ko na cibiyoyin uwa da yaro da ke jahohi, sun san yadda ran irin waɗannan jarirai ke rataye da zare.

A nan ne hankali ke cewa: tun da haka ne, a auna duk mai ciki, wadda aka samu da ƙwayar a ba ta magani, a huta. An gwada. A 1991 aka wallafa sakamakon wani babban gwaji da aka yi a Amurka kan mata masu ciki sama da 1.000 da ke ɗauke da ƙwayar a farji. Aka ba rabi eritromisin, rabi kuma ƙwayar da ba magani a cikinta. Yawan haihuwar bakwaini bai bambanta ba tsakanin kashin biyu. Dalilin a fili yake: miliyoyin mata na ɗauke da ita su haihu lafiya a kan lokaci, ƴan kaɗan ne take haurawa sama a jikinsu, awon farji kuma ba ya nuna wace ce cikinsu. An gwada ta ɓangaren jarirai ma. A 2024 wani gwaji a Ingila kan bakwaini kusan 800 da aka haifa kafin sati 30 ya nuna cewa ba su azitromisin tun kwanakin farko bai rage ciwon huhun nan ba. Ƙwayar tana da hannu a cikin lamarin, amma har yanzu kashe ta a makance bai ceci kowa ba.

Sauran wuraren a taƙaice ne. Saboda amoniyak ɗin da take saki tana iya taimakawa wajen taruwar wata irin tsakuwa a ƙoda ko mafitsara. A jikin wanda garkuwarsa ta faɗi ƙasa warwas takan shiga gaɓoɓi ko jini. A 2015 likitoci a Amurka suka gano ita ce ke cika jinin wasu da aka yi wa dashen huhu da amoniyak har ƙwaƙwalwa ta kumbura su mutu. Waɗannan lamurra ne na gadon asibiti, ba na matar da ta taka da ƙafarta ta je awo ba.

Saura batun haihuwa, wanda shi ne ke kai yawancin mata ɗakin bincike. A ƙasar da wani bincike na 2012 ya ce kowace mace tana haihuwar ƴaƴa 7,6 a tsaka-tsaki, matar da ta shekara biyu a ɗaki ba ko ɓatan wata ta san irin kallon da dangin miji ke yi mata. Idan takarda ta fito da suna mai tsawo, kowa sai ya ji sanyi a ransa: an gano mai laifi, kuma ga maganinsa a farmasi. Amma hujjar cewa ureyafilasma na hana mace ɗaukar ciki ba ta da ƙarfi. Wasu bincike sun samu dangantaka tsakaninta da raunin maniyyi a maza, wasu ba su samu ba, kuma ba a tabbatar da cewa kashe ta yana ƙara yawan samun ciki ba. Abin da aka tabbatar tun tuni shi ne kilamidiya da gonokok da ba a yi maganinsu ba suna toshe hanyoyin ƙwai na mace, haka ma ciwon da ke biyo bayan haihuwa ko ɓari a wuri marar tsabta. A garuruwan bakin kogin Isa da wuraren noman rani kuma akwai tsargiya, wadda kowa ya sani da fitsarin jini a yara maza, amma kaɗan ne suka san ƙwayayenta na maƙalewa a bakin mahaifa da farji su jawo ruwa, jini bayan saduwa, ciwon mara da wahalar haihuwa. Maganinta, firazikwantel, ba shi cikin kowace ordonansin ureyafilasma. Ga kuma abin da mazaje ba sa son ji: a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, namiji yana da kaso cikin matsalar. Awon maniyyi ya fi sauƙi, ya fi sauri, amma matar ce ake aikawa awo na uku da na huɗu, maigida yana zaune a kanti ko a ofis. An bar jaki ana dukan taiki.

Haka abin yake ga «sanyi», kalmar da ta zama buhun da ake zuba kowane irin ciwon gaban mace. Ruwa mai ƙarni irin na kifi yawanci rikicewar ƙwayoyin farji ne, abin da likitoci ke kira «vaginose», kuma metronidazol, wato filajil, shi ne maganinsa. Ureyafilasma takan yawaita a irin wannan yanayi, sai awo ya kama ta a ɗora mata laifi, alhali ƴar rakiya ce. Fari mai gudaji da ƙaiƙayi kandida ce, wadda yawan shan magungunan kashe ƙwayoyi ke ƙara wa ƙarfi. Mace takan shiga da ƙaramin ciwo, ta fito daga sati biyu na magani da wanda ya fi shi.

Maganin kansa yana da nasa labarin. Yawancin ƙwayoyin cuta suna da wata katanga mai tauri da ta kewaye su, kuma penisilin da danginsa, amoksisilin, ampisilin, seftiriyakzon, aikinsu shi ne hana ginin wannan katanga har ƙwayar ta fashe. Ureyafilasma ba ta da katanga ko kaɗan, fata ce kawai mai laushi. Ba ta amoksisilin daidai yake da tura mayaƙa su rushe ganuwar garin da bai taɓa gina ganuwa ba. Kotirimokzazol, wanda aka fi sani da Bactrim, shi ma ba ya taɓa ta, siprofuloksasin kuma ƙarfinsa a kanta kaɗan ne. Rashin katangar ne ma ya sa ba a ganinta a madubin likita da rinin da aka saba, ba ta kuma tsirowa a awon fitsarin nan na yau da kullum da ake rubutawa ECBU. Magungunan da ke kama ta su ne doksisiklin, miligiram 100 safe da yamma har kwana 7, ko azitromisin da danginsa. Mai ciki ba a ba ta doksisiklin ko tetirasiklin, domin suna iya taɓa haƙora da ƙasusuwan abin da ke cikinta. Wannan gargaɗi ya shafi kafson nan mai ja da rawaya da masu tallan magani ke yawo da shi a tire a tasha da kasuwa, wanda ake saye biyu ko uku a haɗiya da lemo. Shan rabi da rabi irin wannan ba ya kashe ƙwaya, horo yake ba ta. An riga an san wani gado da ƙwayoyi ke miƙa wa juna mai sa tetirasiklin ya daina cinsu, kuma ana samunsa a jikin ureyafilasma.

Hasarar ba ta tsaya ga mai shan maganin ba. Kowane zagaye na azitromisin da aka sha a banza yana ratsa dukan jiki, ya horar da gonokok, da *Mycoplasma genitalium*, da ƙwayoyin hanji da na huhu. Nijar kuwa tana da dalilinta na musamman na tattalin wannan magani: gwajin da aka yi a jahar Doso, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna cewa raba azitromisin sau biyu a shekara ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar ya rage mutuwarsu da kashi 18 bisa 100. Maganin da ke da irin wannan daraja bai kamata a ƙarar da kaifinsa a kan ƙwayar da ba ta yi wa kowa komai ba.

Ƙasashen da suka ƙera awon sun fara ja da baya. A 2018 kwamitin da ke tsara ƙa'idojin cututtukan saduwa na Turai ya fitar da matsayi cewa kada a riƙa neman ureyafilasma a awon yau da kullum, ko ga mai alamu ko ga marar alamu, domin cutarwar hakan ta fi amfaninsa. A 2022 babbar hukumar lafiya ta Faransa, HAS, ta bi sahu: a daina nemanta a ciwon gaban mata, a maza kuma sai ga mai zafin fitsarin da aka bincika ba a samu sauran ƙwayoyin ba, da awo na zamani mai bambance irin ƙwayar da ƙirga yawanta. Ke nan ƙa'idar 10.000 a kowace mililita da ake bugawa a gefen takarda, wadda ke tsorata mutane, ba ta da nauyin da ake ba ta. Sai dai kayan awo haja ce, mai ɗakin bincike ya saye ta da kuɗinsa, likitan da ya koyi aiki shekaru ashirin da suka wuce ya saba rubuta ta, majiyyaci kuma ba ya jin an duba shi in bai fito da takarda da ordonansi ba. Sabbin na'urorin da ke neman ƙwayoyi bakwai ko goma a shafa ɗaya sun ƙara dagula lamarin, don kusan ba mai fita daga cikinsu da takarda fara.

Namijin da ya ga ruwa ko mugunya na fita, ko yake jin raɗaɗi wajen fitsari, ba ya buƙatar wannan awo mai tsada kafin a taimake shi. Tsarin da OMS ta shimfiɗa, wanda ake bi a asibitocin unguwa na CSI, shi ne a ba shi maganin gonokok da na kilamidiya tare, a kuma yi wa matarsa ko matansa duka a lokaci guda, a dakata da saduwa kwana 7 ko a yi amfani da kwaroron roba. Maganin kilamidiyar nan, doksisiklin ko azitromisin, shi ne dai na ureyafilasma, saboda haka in ma tana da hannu an riga an gama da ita. Idan alamu suka tafi, komawa awo don a ga ko kalmar ta goge daga takarda ɓarnar kuɗi ce. Sau da yawa ba ta gogewa. Idan kuma alamu suka ƙi tafiya, tirikomonas da *Mycoplasma genitalium* ne likita zai fara nema.

Mai ciki kuwa abin da ya fi yi mata amfani shi ne awon ciki a kan lokaci, wanda gwamnati ta ayyana kyauta a 2006, tare da awon tunjere, na sida da na fitsari, domin waɗannan an tabbatar maganinsu yana ceton ɗa. Idan ta ga ruwa yana tsiyaya kafin watanta ya kama, ko jini, ko zazzaɓi da ciwon mara, ko ciki yana ɗaurewa yana saki tun wata shida ko bakwai, a kai ta matanite a ranar, kada a jira maigida ya dawo daga tafiya. A can ne, idan faya ta fashe da wuri, likita ke ba da eritromisin ko makamancinsa, da allurar da ke ƙosar da huhun jariri.